Yadda Ake Gano Matsalar Malejin Jirgin Ruwa Mai Inji, Mataki-Mataki

Duk lokacin da ruwa ya fara ja baya, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu jirage, na Lagdo da na Kusiri har na can Bilanguwa a Arewacin Kamaru: maleji, wato abin nuna gudun jirgi, ya kwanta, allura ba ta motsi, ko tana rawa, ko ta maƙale a wuri ɗaya, yaya za a yi? Yawancin masu tambayar ma sun riga sun yanke hukunci, so suke kawai a gaya musu inda ake sayar da sabon agogo. To a dakata da batun saye tukuna. A cikin kayan maleji duka, agogon nan da ke gaban direba shi ya fi tsada, kuma shi ya fi wuyar lalacewa. Abin da ke kashe maleji a ruwanmu yashi ne da laka da ciyawa, sai rana da ɓera. Don haka binciken da zan tsara a nan daga ƙasa zai faro, daga cikin ruwa, agogo ne zai zo ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Wayar hannu mai GPS da manhajar auna gudu. Sabon sirinji mai cin mililita 20 daga kantin magani, ba tare da allurarsa ba. Famfon keke na hannu. Siririn bakin dirila, kamar milimita 1.5. Sukundireba, filaya, reza ko wuƙa mai kaifi, ruwan sabulu a gwangwani, ɗan ruwan zafi a fulas, da igiyoyin roba masu haƙora da ake ɗaure wayar lantarki da su. In malejinka mai aiki da wuta ne, ka aro mitar gwajin wuta a wurin mai gyaran rediyo ko mai wayarin. Ka kuma nemi mutum na biyu, domin rabin aikin nan ɗaya yana bayan jirgi ne ɗaya yana kallon allura.

1. Gane irin malejin da kake da shi

Leƙa bayan agogon da tocila. In ka ga siririn tiyo na roba ya shiga tsakiyar bayansa, to naka mai aiki da turin ruwa ne, kuma shi ne a yawancin jiragen faiba masu sitiyari. Akwai ɗan rami a ƙafar inji, wato ɓangaren injin da ke nutse a cikin ruwa, ko wata 'yar robar da aka ɗaure a bayan jirgi, yana fuskantar gaba. Jirgi na tafiya ruwa yana kutsawa cikin ramin, yana matse iskar da ke cikin tiyo, iskar ita ke tura allura. Kamar ka kifa kwalba cikin ruwa ne baki ƙasa: ruwa zai ɗan shiga, amma iskar ciki ba za ta bar shi ya kai gindin kwalbar ba. Haka ake so, ruwa ya tsaya a hanya, iska kaɗai ta kai agogo.

In ba tiyo sai wayoyi, ɗayan biyu ne. Ko dai akwai ƙaramar farfela a ƙarƙashin jirgi ko a bayansa wadda ruwa ke juyawa, ko kuma agogon da tauraron ɗan'adam yake aiki, wato GPS. Waɗannan biyun suna mataki na 9 da na 10.

Gargaɗi: wayoyin da ke bayan agogo mai allura da tiyo na fitila ne kawai, don a ga lamba da dare. Ko batir ya mutu murus, allurar za ta yi aiki. Mutane da yawa suna ɓata yini guda suna bin waya da fis a banza. Sai dai in agogon mai tiyo ne amma lambobi yake nunawa a gilashi maimakon allura, wannan kam yana buƙatar wuta.

Kada kuma ka rikita shi da ɗan'uwansa mai rubutun RPM. Wancan juyin inji yake ƙirgawa, ba gudun jirgi ba, gyaransa daban.

2. Tambayi direba yaushe abin ya fara

Amsar wannan tambayar takan rage maka rabin aiki. In maleji ya mutu nan take bayan ƙafar inji ta daki tudun yashi ko an ratsa cikin kainuwa, rami ne ya toshe. In ya mutu ne bayan makaniki ya sauke ƙafar inji don canza robar famfon ruwa ko gyaran giya, kusan tabbas tiyo ne aka manta ba a mayar ba, ko aka danne shi wajen ɗaurewa. In jirgin ya yi watanni a kan tudu, ka zargi zanzaro, yana son ƙananan ramuka irin wannan ya lafta musu laka, sannan ɓera. In kuwa a hankali allura ta riƙa raguwa, yau tana kai 30 gobe 25, iska ce ke zurarewa ta wani tsagi.

Akwai alamar da ba ta buƙatar tambaya: ruwa yana tsartuwa ƙarƙashin allon direba, ko ana ganin ruwa yana taruwa a cikin jirgi duk sanda aka taka gudu. Tiyo ne ya cire ko ya fashe, ramin kuma lafiya lau yake turo ruwa. Kafin ka samu gyara, naɗe bakin tiyon biyu ka ɗaure shi tamau.

3. Tabbatar da cewa malejin ne ke ƙarya

Kunna manhajar gudu a waya. GPS ɗin waya ba ya buƙatar sabis ko data, ko a tsakiyar Tafkin Chadi zai yi aiki, sai dai yakan ɗan jima kafin ya kama. Dubi abin da aka rubuta a fuskar agogon jirgi ka daidaita wayar da shi. In MPH ne, mil 1 kilomita 1.609 ne. In KNOTS ne, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Ke nan agogon da ke nuna 20 na mil yana nufin kilomita 32 a awa, mai nuna 20 na KNOTS kuma kilomita 37. Na sha ganin ana gardama a bakin ruwa cewa maleji ya lalace, alhali waya tana kan kilomita, agogo yana kan mil.

Sai batun gudun ruwan kansa. Maleji mai tiyo da mai ƙaramar farfela gudun jirgi a cikin ruwa suke aunawa, waya kuwa gudunsa a kan ƙasa. A Lagdo ko tafkin Maga, inda ruwa ke kwance, bambancin ba shi da yawa. Amma a Binuwai wajen Garwa da damina, ko Logon tsakanin Yaguwa da Bongor, ko Shari, dole su saɓa. Yi tafiya biyu a wuri ɗaya da totur ɗaya, sau ɗaya kana haurawa sau ɗaya kana gangarawa, ka haɗa ka raba biyu. Misali waya ta ba ka 26 a haurawa, 34 a gangarawa: gudun jirginka 30 ne, ruwa yana tafiya da 4. Da wannan 30 ɗin za ka gwada agogo. Bambancin kilomita 2 ko 3 ba abin kwance kaya ba ne, irin wannan malejin dama ba ya cika daidai.

Gargaɗi: kada ka yanke wa maleji mai tiyo hukunci a tafiyar hankali. Turin ruwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, in gudu ya ninka biyu turi ninkawa huɗu yake yi. A kilomita 10 a awa turin bai wuce na ruwa mai tsayin santimita 40 ba, da ƙyar zai ɗaga allura. A kilomita 20 ya kai na mita 1.6, a kilomita 40 ya haura mita 6. Shi ya sa jirgin da aka labta wa buhunan masara ko kwalayen banda yana jan ciki, allurarsa takan kwanta a ƙasa, kuma ba abin da ya same ta. Gwada shi ba kaya, jirgi ya ɗaga goshi ya miƙe.

4. Fito da bayan jirgin tudu

Ja jirgin inda ƙafar inji za ta fita daga ruwa, ɗaga injin ka sa makullin da ke riƙe shi.

Gargaɗi: hannunka zai kasance dab da farfela. Zare makullin tayar da inji ka sa a aljihunka, cire igiyar kashe inji, giya ta zauna a firi. In da yara a wurin, cire hulunan fulogi ma. Kada kuma ka tsaya cikin ruwa iya ƙugu kana wannan aikin da yamma ko da asuba a wuraren da aka san dorina na fitowa, masunta da sarkin ruwan wurin sun san inda take kwana, tambaye su.

5. Nemo ramin ka buɗe shi

A nan matsalar ta fi zama, kuma a nan aka fi yin ɓarna.

Dubi gaban ƙafar inji, kaifin nan da ke yanka ruwa, tsakanin dunƙulen da giya ke ciki da faffaɗan farantin da ke saman farfela. Shafa da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Za ka ji ɗan rami ko ɗan tsagi, bai fi tsinken ashana ba. In yashi ya cika shi ya bushe, ido ba ya ganinsa, sai ka wanke wurin da ruwa da tsumma. Ba kowane inji ne ke da shi ba, ƙananan injuna da yawa masu sandar tuƙi ba a yi musu ba.

Gargaɗi: ramukan da ke gefe da gefe masu raga, na shan ruwan sanyaya inji ne. Sukurorin da ke gefen dunƙulen kuma na man giya ne. Ba ruwanka da su. Wanda ya kwance sukurun mai yana neman ramin maleji, man giyarsa ne zai tsiyaye a yashi.

Ɗauki bakin dirilar nan da yatsu biyu, sa shi a ramin, murza a hankali, zaro, goge, sake sawa. Za ka ga yashi yana fitowa a jikin murɗin, wani lokaci ɗan guntun kara ko ƙwayar tsakuwa ko ɓawon katantanwa. Murɗin ne amfaninsa, yana jawo dattin waje, saɓanin waya da ke ƙara cusa shi ciki. In ka ji ya tokari ƙarfe, tsaya, hanyar ta karya kwana ne ta yi sama.

Gargaɗi: kada ka ɗaura bakin a injin dirila, kada ka sa ƙusa da guduma. Ƙafar inji alminiyom ce mai laushi, kuma bayan ramin nan gidan giya ne. In ka huda shi ruwa ya shiga mai, gyaran da ba na kuɗi ba ya koma na sayen giya. Ƙaya da tsinken tsintsiya su ma a bar su, karyewa suke a ciki, kuma itacen da ya jiƙa kumbura yake.

Bayan haka sai turo dattin daga baya. Bi ƙafar inji sama da farantin, za ka ga inda siririn tiyo ya fito, ko mahaɗar da ta haɗa tiyon inji da na jirgi. Raba su a nan. Cika sirinji da ruwa mai tsabta, sa a bakin da ya nufi ƙafar inji, danna da ƙarfi. Ruwa ya kamata ya tsarto ta ramin gaba siriri, miƙe. In ya ƙi, bar ruwan ya jiƙa lakar na ɗan lokaci, sake murza bakin dirila, sake dannawa. Lakar zanzaro da ta bushe tana son haƙuri, ruwan ɗumi ya fi saurin narkar da ita. In sirinji ya gaza, sa famfon keke.

Wanda nasa 'yar roba ce a bayan jirgi, aikinsa ya fi sauƙi. An yi ta ne ta yadda in ta daki abu za ta ɗage sama maimakon ta karye, to sau da yawa ɗagewar kawai ta yi, sai a danna ta ta koma. Bakinta ya zama ya ɗan zarce ƙasan jirgi yana kallon gaba. In ta tsage ko ta yi laƙo-laƙo ba ta tsayawa, canza ta. In ka sake mata wuri, toshe tsofaffin ramukan sukuru da silikon, kar katakon cikin bangon baya ya sha ruwa ya ruɓe.

6. Bi tiyo daga inji zuwa agogo

Yanzu cire tiyon daga bayan agogo. Kama shi kusa da baki, murza kaɗan, ja a miƙe. In ya ƙi, tsaga bakin da reza ka yanke wurin daga baya, kada ka yi ta girgiza shi, ɗan hancin da yake shiga a wasu agogon roba ne, in ya ɓalle agogon ya tashi aiki.

Kalli allura a daidai lokacin da tiyon ya fita. In dama ta maƙale a sama ce, kamar a 15 ko 20, sai ta faɗo sifili, to agogo lafiya yake, datti ne ko lanƙwasa ta kulle iska a ciki. In ta tsaya inda take, agogon ne.

Dubi kuma abin da ya fito daga tiyon. In ruwa ya zubo daga bakin da ke wajen agogo, akwai inda iska ke tserewa kusa da nan, ko a mahaɗar ko cikin agogon kansa, shi ya ba ruwa hanya ya hauro.

Sa famfon keke a wannan bakin ka busa zuwa baya, abokin aikinka ya tara hannu a ɗaya bakin. Iska ta fita sosai, hanya a buɗe take. Sannan ya toshe bakin da yatsa, kai ka danna famfo kaɗan: in ya yi tauri ya tsaya, tiyo ba ya yoyo. In ya riƙa saki, bi shi da ruwan sabulu taƙi-taƙi, inda kumfa ta tashi nan ne.

Gargaɗi: kafin kowace irin busa zuwa baya, tabbatar da idonka cewa tiyon ya rabu da agogo. Kuma kada ka sa baki ka zuƙa, abin da ke kwance a ciki ruwan kogi ne da ya kwana ya ruɓe.

Wurare huɗu ne tiyo ya fi mutuwa. Inda ya fito daga inji ya shiga jirgi, domin nan yake lanƙwasa duk sanda aka juya sitiyari ko aka ɗaga inji, kuma nan rana ta fi dukansa har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Ƙarƙashin tanki ko jarkokin mai, inda nauyi ke danne shi, fetur ɗin da ke zuba wajen ɗurawa kuma ya busar da shi. Ƙarƙashin daɓen jirgi, inda ɓera ke bin warin kifi. Sai bakinsa na bayan agogo, wanda ke buɗewa da tsufa ya daina kamawa.

7. Yanzu ne za ka gwada agogon

Yanki guntun tiyo mai kyau kamar tsawon yatsa biyu. Ja sirinji ya tsaya a kan 20, iska zalla, sannan ka haɗa shi da agogo ta wannan guntun. Danna a hankali zuwa 15. Allura ta tashi sumul ba tsalle, ta tsaya kusa da kilomita 30 a awa, wato wajen mil 18. Ci gaba zuwa 10, ta doshi kilomita 50, wajen mil 30. Za ta ɗan gaza haka saboda iskar da ke cikin guntun tiyon da cikin agogo, ba komai. Riƙe hannunka a nan ka ƙirga goma. Allurar da ta tsaya cak, agogonta lafiya. Wadda ta riƙa saukowa alhali mahaɗa ba ta kumfa, agogon yana yoyo a ciki. Wadda ta yi tsalle-tsalle ko ta ƙi komawa sifili bayan ka cire sirinji, tsatsa ko laka ta shiga haƙoranta.

Gargaɗi: kada ka kai agogo wurin mai faci a busa masa iska. Agogon da ƙarshensa mil 50 ne, matsin da ke ƙure shi bai wuce bar 2.5 ba, kusan iskar tayar mota. Tankin mai faci ya ninka haka. Busa ɗaya, siririn bututun tagullar da ke ciki ya miƙe, allura ba za ta ƙara faɗin gaskiya ba. Haka kuma kada ka ja sirinji baya yana haɗe da agogo, cire shi tukuna.

Mai son ya san ko lambobin daidai suke, ga hanyar da ba ta cin ko dala. Aro farin tiyon da magina ke auna daidaiton gini da shi. Haɗa baki ɗaya da agogo, agogon yana sama a kan benci, tsakiyar tiyon ya sauka ƙasa, ɗaya bakin a ɗaga shi a jikin bishiya ko bango. Zuba ruwa ta bakin da ke sama sannu a hankali. Auna tazarar da ke tsakanin saman ruwan ɓangaren bishiya da saman ruwan ɓangaren agogo. Tazarar mita 1.6 ta ba da kusan kilomita 20 a awa, mita 3.5 kusan kilomita 30. Ka dai lura kada ruwan ya hau har cikin agogo.

Agogon da ya faɗi wannan gwajin, a ganina ba a gyara shi. Yawancinsu an matse bakin gilashin ne da inji, in an ɓanɓare ba ya komawa ya hana ruwa shiga. Akwai masu gyaran agogon mota da za su karɓa, allura ta motsa mako biyu, raɓa ta cika gilashi, a dawo gidan jiya. Wajen sayen sabo, auna faɗin ramin allo, yawanci milimita 85 ne, kuma zaɓi wanda ƙarshen lambarsa ya dace da jirginka. Jirgin da ba ya wuce kilomita 40, in aka sa masa agogo mai kai mil 80, allura a gindi za ta ƙare rayuwarta, ba ka iya karanta komai.

8. Sa sabon tiyo ka mayar da komai

In tsagin a baki yake kuma akwai rara, yanke wurin ka mayar. In a tsakiya ne, ko tiyon ya bushe yana karyewa in an lanƙwasa, canza shi gaba ɗaya, faci a tsakiya ƙarin wurin yoyo ne. Yanki guntun tsohon ka tafi da shi kasuwa, ramin cikinsa ake dubawa, galibi wajen milimita 3 ne. Ƙara mita ɗaya a kan abin da ka auna.

Kada ka zare tsohon tukuna. Ɗaure bakin sabon a bakin tsohon da zaren koma, naɗe da salatif, ka ja tsohon ta ɗaya gefen, shi zai ratsa da sabon ta ƙarƙashin daɓe. Tsoma kowane baki a ruwan zafi ya yi laushi, tura shi ya shige hancin har ƙarshe, ɗaure da igiyar roba mai haƙora. Wajen inji bar masa sassauci: juya sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ɗaga inji sama, sauke shi, duk kana kallon tiyon kada ya ɗame ko ya shiga tsakanin ƙarafa. Inda za ka ɗaure shi a jikin jirgi, ɗaurin riƙo za ka yi, ba na shaƙewa ba.

Gargaɗi: robar ƙarin ruwa ta asibiti tana shiga daidai, shi ya sa ake yawan sa ta, amma laushinta ya yi yawa, tana kumbura ta fice in an taka gudu, rana kuma ba ta barinta. Tiyon man babur kuma ya cika faɗi, ba ya kama hanci. Kada a shafa gam mai ƙarfi a bakin agogo, ranar cirewa sai an fasa.

Koma ruwa da wayarka ka maimaita gwajin mataki na 3. In allura tana rawa a gudu ɗaya, sauke injin ƙasa kaɗan ka gani. Injin da aka ɗaga da yawa don gudun yashi, raminsa kumfa yake sha maimakon ruwa.

9. Maleji mai ƙaramar farfela

Wannan yakan zo tare da na'urar auna zurfi. Ƙaramar farfelar tana da maganaɗisu a fukafukanta, kowane juyi ana ƙirga shi. Kunna na'urar, ka kaɗa farfelar da yatsa ko ka busa ta, abokinka ya kalli gilashi. In ba ta juyawa sakayau, duba sandar tsakiyarta: zaren koma, gansakuka, ƙananan katantanwa, ko baƙin yashi mai ƙarfe da maganaɗisun ke tarawa. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu sun isa. Kada a sa giris, yashi yake kamawa. Fiffike ɗaya in ya karye, lambar za ta ragu, sai sabuwa.

In tana juyawa amma gilashi shiru, bi wayar. Galibi uku ne a ciki: wuta, ƙasa, da mai kai saƙo. Sa mita tsakanin ta ƙasa da mai kai saƙo, juya farfelar sannu-sannu, lambar mita ta riƙa hawa da sauka. In ba ta canzawa alhali wuta na zuwa, na'urar da ke jikin farfelar ta mutu.

Gargaɗi: in taka ta cikin ƙasan jirgi aka huda aka sa ta, kada ka zare ta jirgi na kan ruwa sai murfin toshewarta yana hannunka. Ramin ya isa ya cika jirgi.

10. Maleji mai GPS

Abu biyu yake so, wuta da sararin sama. Auna batir inji a kashe: cikakke wajen volt 12.6 yake, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi. Duba fis, kankare kan batir da bakin wayoyi in sun yi kore, musamman wayar ƙasa. In agogon yana mutuwa duk sanda aka tayar da inji, batir ne ke faɗuwa ko mahaɗa ta saki. In yana kunnuwa amma gudu sifili, dubi inda eriyarsa take. Rumfar kwano da ake yi wa jiragen fasinja tana tare ta, tamfol da faiba ba su cika hanawa ba. Fito da ita fili, ba ta mintuna kaɗan, musamman in ta daɗe a kashe.

Masu kwale-kwalen katako da Yamaha 15 ko 40 mai sandar tuƙi, da ke tambaya ko za a iya sa musu maleji: mai tiyo ba zai amfane ku ba, gudunku da kaya bai kai inda yake farkawa ba. Mai GPS shi ne naku in akwai batir a jirgin, in babu, waya a cikin leda ta wadatar.

11. Kuɗi, da ranar da maleji ke da gaskiya

Buɗe rami ba ya cin komai sai lokaci. Sirinji da igiyoyin roba canjin aljihu ne. Tiyo da awon mita ake sayar da shi, shi ma bai kai a yi shawara da mai jirgi ba. Daga nan sai 'yar robar bayan jirgi, sai agogo mai allura, sai mai GPS a sama, kuma waɗannan ukun ba kullum ake samunsu a Garwa ko Kusiri ba, sau da yawa sai an aiko daga Duwala ko an haye Najeriya, ga kuɗin mota ga jira. Abin da ake mantawa a lissafi shi ne man da gwaji ke sha, da kuɗin ɗauko makaniki daga gari zuwa bakin ruwa. In za ka kira shi, gama mataki na 1 zuwa na 7 tukuna, ka gaya masa a waya abin da ka gani, ya zo da kayan da ake buƙata a tafiya ɗaya. Aikin da lalle nasa ne shi ne in tiyon ya cire a cikin ƙafar inji inda sai an sauke ta. In an sauke, ka tsaya a kansa lokacin mayarwa, ka sa ya tura ruwa da sirinji ka ga ya fito ta ramin kafin a ɗaure kusoshi.

In kuwa waya da agogo sun yi daidai, dukansu suna cewa jirgin da ke yin 40 yanzu 32 yake yi da kaya iri ɗaya, to bar maleji ya huta. Dubi agogon RPM. In juyin inji ya haura yadda aka saba amma gudu ya ragu, robar da ke tsakiyar farfela ce ke sulɓewa, ko yashi ya cinye fukafukan. Ja layi ɗaya da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, yi tafiya, ka duba: in layin ya rabu biyu, robar ta saki. In juyin ya ragu tare da gudu, duba zaren koma da ya naɗe a bayan farfela, gansakukar da ta kama ƙasan jirgi, ruwan da ya taru ƙarƙashin daɓe, sannan fulogi da matatar mai.